Maigadin Burodi: Asalin Kalmar "Lord" a Harsunan Dangin Jamusanci

Duk wanda ya taɓa zama a zauren babbar kotu a Nijeriya, ko da na rabin sa'a ne, ya ji yadda lauyoyi kan miƙe su rusuna su ce wa alƙali "My Lord". Duk ɗan makarantar da ya karanta tarihin ƙasar nan kuma ya san sunan Lord Lugard, wanda kakanninmu suka fi sani da Gwamna Lugga. A Ingila akwai majalisa sukutum da ake kira da wannan suna, sannan idan Baturen Ingila zai ambaci Mahalicci a cikin addu'arsa, da wannan kalma yake kiran Sa. Kalma ce 'yar gajeriya, gaɓa ɗaya tak, haruffa huɗu, amma ta ɗauki nauyin sarauta da shari'a da mallakar ƙasa da ibada baki ɗaya. Abin da ya sa na ɗauko ta a wannan fili shi ne, idan aka tone asalinta za a tarar kalmomi biyu ne aka harɗa, kamar yadda muke harɗa "uwa" da "gida" mu ce uwargida, kuma ma'anarsu ta farko ba ta wuce "mai gadin burodi" ba.

Na san mai karatu zai yi murmushi, domin mun saba jin irin wannan bayani a majalisar hira. Wa bai taɓa jin an ce kalmar Hausa daga "hau sa" ta fito ba? Irin wannan hasashe na kamannin sauti yana da daɗin ji, amma ba ya jure bincike, saboda a tsakanin kowane harsuna biyu na duniya sai an sami kalmomin da suka yi kama da juna bisa katari. Masana asalin kalmomi suna neman hujjoji iri biyu kafin su amince. Ta farko, a ga sawun kalmar a rubuce, ƙarni bayan ƙarni, tana sauya kama a hankali. Ta biyu, sauyin sautin da aka ce ya same ta ya kasance ya sami sauran kalmomi irinta, bisa ƙa'ida guda da ba ta zaɓe. Wannan hanya ta kankama ne da ayyukan Rasmus Rask ɗan ƙasar Denmak a 1818 da Jacob Grimm Bajamushe a 1822, kuma kalmar da muke magana a kai ta cika sharuɗɗan nan biyu cif.

Ingilishi ɗaya ne daga cikin wasu harsuna 'yan uwan juna da masana ke kira dangin Jamusanci. A cikinsu akwai Jamusancin kansa, da harsunan Holan da Denmak da Suwidin da Nowe da tsibirin Aislan, da kuma harshen Gotawa wanda ya daɗe da mutuwa. Duk sun fito ne daga uwa ɗaya da ba a rubuta ta ba, wadda aka yi magana da ita a arewacin Turai tun kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. A ƙarni na 5, bayan Rumawa sun janye daga Birtaniya, ƙabilun Angul da Sakson suka tsallako teku daga arewacin Jamus da yankin Denmak suka zauna a tsibirin, kuma harshen da suka zo da shi ne ake kira tsohon Ingilishi. A wannan harshe kalmarmu "hlaford" take, wato gajarcen "hlafweard": "hlaf" burodi, "weard" mai tsaro.

Bari mu fara da rabin farko. Ɗaya daga cikin mafi daɗewar shaidu a kansa tana cikin fassarar Linjila da wani limamin Kirista mai suna Wulfila ya yi wa Gotawa a ƙarni na 4. Mafi shaharar kwafinta, wanda aka rubuta da ruwan azurfa a kan fata mai launin shunayya a Italiya a ƙarni na 6, yana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Uppsala a Suwidin. A cikinsa burodi "hlaifs" ne. Tsohon harshen mutanen arewa, wato kakannin 'yan Nowe da Aislan, yana cewa "hleifr". Bajamushe har gobe yana kiran dunƙulen burodi "Laib", Baturen Ingila kuma yana cewa "loaf". Kalmar ta ma tsallake iyakar dangin: masana da yawa suna ganin "leipä" ta mutanen Finlan da "khleb" ta Rashawa, waɗanda duk burodi suke nufi, aro ne daga waɗannan ƙabilu tun zamanin da.

To yaya "hlaifs" da "Laib" da "loaf" za su zama abu ɗaya alhali wasulansu sun bambanta? A nan ne ƙa'idar take aiki. Galibi inda Gotawa suke da "ai", Jamusawa sun riƙe sautin, tsohon Ingilishi ya mayar da shi dogon "a", daga baya kuma kudancin Ingila ya mayar da wannan "a" ya koma "o". Dutse a wurin Gotawa "stains" ne, a Jamusanci "Stein", a tsohon Ingilishi "stan", a yau "stone". Akuya "gaits" ce, sai "Geiss", sai "gat", sai "goat". Haka "Heim" ta Jamusawa, wato gida, take daidai da "ham" ta da da "home" ta yau. Abin da ya fi burge ni a cikin wannan jeri shi ne shaidar da ta zo daga Sikotlan. Sauyin "a" zuwa "o" bai kai arewacin tsibirin ba, saboda haka a karin harshen Sikotlan dutse "stane" ne, gida "hame", mai mallakar ƙasa kuma "laird". Ke nan "laird" da "lord" kalma ɗaya ce da ta rabu biyu daidai kan layin da ƙa'idar ta ce za ta rabu, kuma mai neman hujja ba zai sami wadda ta fi wannan tsafta ba.

Rabin na biyu kuwa, mai karatu ya san shi, ko da bai san ya sani ba. A harshen Gotawa mai tsaron ƙofa "daurawards" ne. A Jamusanci na yau mai tsaron raga a wasan ƙwallo "Torwart" ne. A Ingilishi akwai "ward" da "warden", akwai sunan Edward mai ma'anar mai tsaron dukiya, akwai kuma "steward", wato mai kula da gida, muƙamin da ya zama sunan gidan sarautar Stewart da ya hau gadon Sikotlan a 1371, ya haɗa da na Ingila a 1603. Amma tafiyar da ta fi shafarmu ita ce wadda kalmar ta yi ta Faransa. Ƙabilar Farankawa, waɗanda su ma 'yan wannan dangi ne, sun shigar da ita bakin mutanen da suka mulka, su kuma waɗannan sukan mayar da "w" ta farkon kalmomin aro ta koma "g". Da haka ta zama "garde" a Faransanci, ta koma Ingila a matsayin "guard", daga can Turawan mulkin mallaka suka kawo mana ita muka ce "gadi". Saboda haka da na ce "mai gadin burodi" ban yi wata kwana ba: gadin da ke cikin maigadin ƙofar ma'aikata da wutsiyar kalmar "lord" jini ɗaya ne.

Sai dai kuma duk da cewa kowane rabi yana da 'yan uwa a ko'ina cikin dangin, harɗa su wuri guda aikin mutanen Ingila ne kaɗai. Babu irin wannan harɗaɗɗiyar kalma a Jamusanci ko a harshen Gotawa. Babban ƙamusun Oxford ya nuna cewa cikakkiyar surar nan ta "hlafweard" sau ɗaya ta bayyana a rubuce, a cikin wata tsohuwar fassarar Zabura da kwafinta ke Paris. Wurin da ta bayyana kuwa abin lura ne, domin aya ce da ke ba da labarin yadda sarkin Masar ya fito da Annabi Yusuf, alaihissalam, daga kurkuku ya ɗora shi a kan gidansa. Mai fassarar yana da kalmar "hlaford" ta yau da kullum a hannunsa, amma da ya zo kan mutumin da aka damƙa wa rumbunan ƙasa a shekarun fari, sai ya buɗe kalmar ya rubuta ta da tsawonta. Ni dai a ganina wannan alama ce cewa a lokacin kunnen mai jin harshen yana iya jin burodin da ke cikinta.

Sauran harsunan kowanne ya bi tasa hanyar wajen raɗa wa shugaba suna. Bajamushe yana cewa "Herr", wadda ta fito daga wata siffa mai nufin furfura da kwarjinin tsufa, kamar dai yadda "shaihu" a Larabci asalinta dattijo ne. Gotawa suna cewa "frauja", wadda takwararta ta mace ta rayu a Jamusanci a matsayin "Frau". Rumawa sun ce "dominus" daga "domus", wato gida. A nan Bahaushe ya yi tarayya da Barume, domin "ubangiji" uban giji ne, giji kuwa tsohuwar surar gida ce, wadda ta rage mana a cikin "uwargijiya". Mu ma mun ɗauki sunan maigida, wanda a da bawa ke kiran mai shi da shi, muka ɗaga shi har ya zama sunan da muke kiran Mahalicci, kuma yau ba kowa ke jin gidan da ke cikin kalmar ba. Wasu sun dubi shekarun shugaba, wasu sun dubi gidansa. Mutanen Ingila abin da ke cikin rumbunsa suka duba.

Tunanin dai yana nan a sauran dangin ko da kalmar ba ta nan. A da, barori a Suwidin sukan kira uwar ɗakinsu "matmor", wato uwar abinci. A Jamusanci akwai "Brotherr", uban burodi, ga wanda ake yi wa aiki. Gotawa kuma suna kiran abokin tafiya ko abokin yaƙi "gahlaiba", wato wanda kuke cin burodi ɗaya da shi. Masana da dama suna ganin wannan ce aka fassara kai tsaye zuwa Latin na ƙarshen zamani aka ce "companio", daga "com" tare da "panis" burodi. Daga nan aka sami "company", mu kuma muka ce kamfani. Ashe ke nan 'yan kamfani asalinsu masu cin akushi ɗaya ne.

Me ya sa burodi ya sami wannan matsayi? Marubucin Rum, Tacitus, a littafin da ya rubuta kan ƙabilun Jamus a shekara ta 98, ya bayyana cewa mayaƙan da ke kewaye da shugaba ba su da wani albashi sai walimar da yake yi musu da kyautar doki da mashi. Wanda ya ciyar da kai shi za ka bi, shi za ka mutu dominsa, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokokin Sarki Ethelbert na Kent, waɗanda aka rubuta wajen shekara ta 600 kuma su ne mafi daɗewar dokoki da harshen Ingilishi, suna da kalmar da ke fuskantar tamu: "hlafaeta", mai cin burodi, wato yaron gida da ke ƙarƙashin wani. Dokar ta yanke cewa wanda ya kashe mai cin burodin talaka ɗa zai biya sule 6, alhali diyyar ɗa sule 100 ce. Wannan tazara kaɗai ta isa ta hana mu ɗaukar zamanin a matsayin zamanin tausayi da adalci. Mai riƙe da mabuɗin rumbu yana ciyarwa, amma kuma da mabuɗin yake mulki, kuma mai ci a hannunsa ransa ba shi da tsada.

A ƙarni na 10 abin ya wuce al'ada ya zama tilas. Dokokin Sarki Athelstan, wanda ya yi mulki daga 924 zuwa 939, sun umarci dangin duk mutumin da ba shi da ubangida su nemo masa, in ba haka ba a ɗauke shi a matsayin ɗan tawaye. Dokokin Sarki Kanut na wajen 1020 kuma sun sanya cin amanar ubangida cikin laifuffukan da ba a fansarsu da kuɗi. Daga nan kalmar ta fara nisa da ɗakin girki, tana kusantar fada da gona da kotu.

Ana cikin haka sautinta ma yana ta zaizayewa. Baƙin "h" da ke gaban "l" ya faɗi a Ingilishi, kamar yadda ya faɗi a "hleapan" da ta zama "leap", alhali mutanen Aislan har yau suna cewa "hlaupa" da "hleifur". Harafin "f" a tsakanin wasula dama kamar "v" ake furta shi, don haka rubuce-rubucen ƙarni na 12 da na 13 suna nuna "laverd" da "loverd". A ƙarni na 14 wannan "v" ita ma ta narke, kamar yadda ta narke a "heafod" da ta zama "head" da "hafoc" da ta zama "hawk". Abin da ya rage shi ne "lord". Irin wannan zaizaya ba baƙuwa ba ce gare mu, mu da muka mayar da "al-imam" ta koma liman. Wani abu kuma ya ƙara binne asalin: wajen shekara ta 1200 kalmar "bread", wadda mu muka ara muka ce burodi, ta ture "hlaf" daga zama sunan abincin gaba ɗaya, ta bar mata ma'anar dunƙule kawai, kwatankwacin malmala a wurin tuwo. Daga wannan lokaci babu Baturen da zai ji "lord" ya tuna da abinci.

Abin mamaki, mamayar da Normandawa suka yi wa Ingila a 1066, wadda ta cika harshen da kalmomin sarauta na Faransanci irin su "baron" da "duke", ba ta kashe ta ba. Sai ma ta ƙara girma, har ta ture tsohuwar kalmar "dryhten" da ake kiran Ubangiji da ita, wadda asalinta shugaban rundunar yaƙi ne, kuma 'yar uwarta tana nan a "drottning", wato sarauniya a harshen Suwidin.

Matar gidan ma ba a bar ta a baya ba. "Lady" a tsohon Ingilishi "hlaefdige" ce, kuma mafi yawan masana suna fassara ta da mai kwaɓa burodi, suna danganta wutsiyarta da "dough" ta Ingilishi da "Teig" ta Jamusanci da "daigs" ta Gotawa, waɗanda duk kwaɓaɓɓen gari suke nufi. Miji yana gadin rumbu, mata tana kwaɓi, yaran gida suna ci: tsarin gidan gaba ɗaya yana cikin kalmomi uku masu kai ɗaya. Lady Lugard, wato Flora Shaw, wadda ta ba da shawarar sunan Nijeriya a jaridar Times a 1897, da wannan laƙabi na mai kwaɓi ta shiga tarihi. Mijin nata kuwa, ya kamata a sani, ba Lord ba ne a 1903 lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗi, ba kuma Lord ba ne a 1914 da aka haɗe Arewa da Kudu. Sai a 1928 aka ba shi wannan sarauta, shekaru 9 bayan ya bar ƙasar.

Ba na cikin masu cewa asalin kalma shi ne ma'anarta ta gaskiya. Ma'anar kalma ita ce abin da masu harshen ke nufi da ita a yau, kuma alƙalin da aka ce wa "My Lord" babu wanda zai bi shi bashin burodi. Amma asali shaida ne a kan abin da mutane suka taɓa ɗauka shi ne sharaɗin girma, kuma idan aka ajiye wannan shaida kusa da abin da ya faru daga baya, sai a ga nisan tafiyar. A 1815 majalisar Birtaniya, wadda masu mallakar ƙasa suka mamaye zaurukanta biyu, ta kafa dokokin hatsi da suka toshe shigowar alkama mai araha daga waje, domin farashin amfanin gonakinsu ya ci gaba da tsada. Talakawan London sun yi bore a kan tituna, amma dokokin suka zauna har 1846. A Ailan kuma, a yunwar da cutar dankali ta haddasa daga 1845 zuwa 1852, mutane kimanin miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira, alhali ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tsibirin, kuma masu gonaki da yawa suna korar manoman da suka kasa biyan haya suna rushe musu bukkoki. Sunan waɗannan masu gonaki a Turance "landlord". Sun gaji rabin kalmar na gadi, sun riƙe shi da kyau.

Akwai wuri ɗaya da tsohuwar surar ta tsira da ɗan tsawonta. Tun a tsakiyar zamani mutanen arewa suka ari kalmar daga Ingila, lokacin tana da "v" ɗinta, kuma da yake harshen Aislan ba ya saurin zaizayewa, har yau suna cewa "lávarður", gaɓa uku, wutsiyarta tana kama da kalmarsu ta mai tsaro, "vörður". Ba sa kiran junansu da ita. Sun keɓe ta ne ga masu sarautar Birtaniya da majalisarsu da ke London, wadda dokar 1999 ta sallami mafi yawan masu gadon kujera daga cikinta, ta bar 92 a wancan lokaci.